"An Ɗaga Aikin": Abin Da Ke Sa A Fasa Tiyata A Ranar Da Aka Tsayar

Duk wanda ya taɓa jinya a babban asibiti ya san wannan magana. An ba majinyaci gado tun jiya ko shekaranjiya, an hana shi ci da sha tun tsakar dare, an sa masa rigar tiyata, 'yan'uwa sun yi cirko-cirko a baranda suna jan carbi. Hantsi ya yi, azahar ta wuce, la'asar ta gabato, sai wani ƙaramin likita ko malamar jinya ta leƙo ta ce, "Baba, a yi haƙuri, an ɗaga aikin. A ba shi abinci." Yawanci daga nan bayani ya ƙare. Abin da ke rage wa mutane a zuci shi ne zargi: ko an sa ɗan wani babba a gurbinsa, ko so ake a gaji a koma asibitin kuɗi, ko kuwa wulaƙanci ne irin wanda talaka ya saba gani.

Ba a rasa inda son kai ke shiga, amma akasarin tiyatar da ake fasawa ba wannan ne dalilinta ba. Wani ɗagawar ceton rai ne, kuma likitan da ya yi shi ya cancanci godiya. Wani dole ne ya kawo shi, babu yadda za a yi. Sai kuma kaso mai yawa wanda sakaci ne na tsari, domin abin da aka gano a ƙofar ɗakin tiyata abu ne da za a iya ganowa mako biyu kafin ranar. A ganina nan ne laifin yake, kuma nan ne gyara ya fi sauƙi.

Kafin wuƙa ta taɓa fata sai abubuwa da yawa sun haɗu a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Ga likitan fiɗa da mataimakinsa, ga mai allurar barci, ga nas mai miƙa kayan aiki da wata mai kai-komo. Ga kayan aikin da aka turara, da tufafin da aka wanke, da wuta, da ruwa, da iskar oksijin, da jinin da aka gwada aka tabbatar ya dace da na majinyaci. Ga gadon da za a kwantar da shi bayan an gama, da sa hannunsa na amincewa, da rasit ɗin biyan kuɗi. Kowanne daga cikin waɗannan yana hannun wani sashe ne daban, mai shugabansa daban da matsalarsa daban. Ɗaya ya ɓace, aikin ya tsaya cak, ko da sauran duka sun hallara.

Mu fara da jikin majinyacin kansa. Mutane da yawa sun ɗauka likitan da zai yi yankan shi ne mai magana ta ƙarshe, alhali wanda ya fi yawan cewa "yau ba za a yi ba" shi ne likitan allurar barci, domin numfashi da bugun zuciyar majinyaci a wuyansa suke. Abu na farko da yake tambaya shi ne yaushe aka ci abinci. Ƙa'idar da aka fi bi a duniya ita ce awa 6 babu abinci, awa 2 babu ruwa. Idan mutum ya yi barcin allura, maƙogwaronsa ya daina kare hanyar numfashi, to abin da ke cikin tumbi zai iya tasowa ya gangara huhu. Tun 1946 wani likita a birnin New York mai suna Curtis Mendelson ya bayyana wannan haɗari a jikin mata masu haihuwa, har yau ana kiran matsalar da sunansa. Saboda haka uwar da tausayi ya sa ta ɗura wa yaronta koko da asuba a ɓoye, ta fasa masa aikin ranar da hannunta. Idan kuma ta ɓoye ta ce bai ci komai ba, abin ya fi haka muni nesa ba kusa ba.

Hawan jini ma haka. Mutum ya shekara da shi bai sani ba, ko ya sani ya daina shan magani don ya ji sauƙi, ga kuma fargabar yanka ta ƙara tunzura shi. Jagorar da likitocin allurar barci na Birtaniya suka fitar a 2016 ta ce ana iya ci gaba da aiki matuƙar awon bai kai 180 bisa 110 ba. Idan ya kai nan, a jinkirta a daidaita shi. Mai ciwon sukari da sukarinsa ya hau sosai, rauninsa ba ya saurin warkewa kuma yana saurin ruɓa. Yaron da ya kwana da mura da tari da zazzaɓi, hanyar numfashinsa na iya shaƙewa da zarar an zura bututu, don haka akan ba shi makonni ya warware. Mace mai ƙarin mahaifa da ta daɗe tana zubar da jini takan zo jininta ya yi ƙasa ƙwarai, ga shi aikin da za a yi mata mai cin jini ne. Akwai kuma masu shan magungunan tsinka jini irin su warfarin, wanda ake dakatar da shi wajen kwana 5 kafin aiki. Idan babu wanda ya gaya wa majinyaci ya daina, ko an gaya masa ya manta, to ranar ta tafi.

Duk wanda ya duba waɗannan dalilai da kyau zai lura da abu ɗaya. In ban da mura da ke iya kama yaro dare ɗaya, babu wanda ya faɗo daga sama. Hawan jinin yana nan tun ranar da aka rubuta sunan mutumin a littafin jiran aiki. Ƙarancin jinin ma haka, sukarin ma haka. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma a asibitocinmu da dama mai allurar barci ba ya ganin majinyaci sai daren jajibirin aiki, wani lokacin ma sai da safe. Hukuncinsa na ɗagawa daidai ne. Abin da ba daidai ba shi ne tsarin da ya hana shi ganin mutumin da wuri.

Sai dalilin da babu mai iya kauce masa, wato gaggawa. Aikin da aka tsara, irin na ƙaba ko maƙoƙo ko basir ko yanar ido, zai iya jiran gobe. Macen da aka kawo da jijjiga ko doguwar naƙuda ko mahaifa ta fashe ba za ta iya jiran awa ɗaya ba. Haka yaron da taifot ya huda wa hanji, haka waɗanda aka kwaso daga hatsarin mota. Asibitoci irin su na Koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri, kowannensu yana karɓar marasa lafiya daga jihohi da dama, wasu ma har daga ƙasashe maƙwabta, kuma galibi sai ciwo ya ci ƙarfin ƙananan asibitoci ake turo su. Idan ɗakin tiyata ɗaya da ma'aikata ɗaya ne ke ɗaukar aikin gaggawa da wanda aka tsara, to kowace motar da ta shigo da jiniya tana ture wani daga layi. Babu mai hankalin da zai ce a bar mai naƙuda a yi wa mai ƙaba. Sai dai gaggawa ba baƙuwa ba ce. Ba a san wa za a kawo ba, amma an san za a kawo wani. Wannan ne ya sa tun shekarun 1990 asibitocin Birtaniya suka koma ware ɗaki guda da ma'aikatansa don aikin gaggawa kaɗai, ko da zai wuni babu kowa a ciki. Inda aka yi haka, layin waɗanda aka tsara ba ya yawan wargajewa.

Akwai kuma cinyewar lokaci, wanda a ganina ya fi kowane dalili ban takaici don kusan dukkansa aikin hannu ne. An rubuta za a fara ƙarfe 8, amma majinyaci na farko bai iso daga ɗakin kwanciya ba don mai turo gado ɗaya ne. Ya iso, ba a ga sakamakon gwajinsa a fayil ba. An gano, sai a jira babban likita ya gama zagayen duba marasa lafiya. Kafin a sa wuƙa ƙarfe 10 ta yi. Likitocin fiɗa a ko'ina sun shahara da raina tsawon aikinsu: a rubuta mutum shida a ranar da huɗu ne za su yiwu, a manta da lokacin sa barci da farkarwa da wanke ɗaki tsakanin aiki da aiki. A asibitin koyarwa abin ya fi jan lokaci, domin ana yi ana koyar da na baya, kuma dole ne a koyar. Wani lokacin a buɗe ciki a tarar da abin da hoto bai nuna ba, aikin awa ɗaya ya koma na huɗu. Bisa al'ada ana fara yi wa yara da masu ciwon sukari don kada su daɗe da yunwa, a bar mai rauni mai mugunya a ƙarshe don kada a gurɓata ɗakin. Wanda ya faɗo a wutsiyar layi shi ke kwana da yunwar banza, sau da yawa kuma tun rana tsaka ma'aikata sun san ba za a kai kansa ba, amma babu wanda ya je ya faɗa masa.

Kada a ɗauka wannan ciwon ƙasashe matalauta ne kawai. A watan Maris na 2017 an bi diddigin asibitoci 245 na gwamnatin Birtaniya na tsawon mako guda, aka tarar kusan aiki ɗaya cikin bakwai da aka tsara yi wa baligai an fasa shi a ranar. Cikin waɗanda aka taɓa ɗaga musu aiki a baya, kusan kashi ɗaya bisa uku rashin gado ne ya jawo. Ga likita, ga ɗaki, ga kaya, amma babu inda za a kwantar da mutum bayan an gama, musamman wanda zai buƙaci ɗakin kulawa ta musamman. A Janairun 2018, da sanyi ya cika asibitocin Ingila da masu mura da ciwon huhu, hukuma da kanta ta ba da shawarar a jingine ayyukan da ba na gaggawa ba har ƙarshen wata. Da annobar korona ta zo a 2020, masu bincike sun ƙiyasta cewa tiyata miliyan 28 ce za a soke ko a ɗaga a faɗin duniya cikin makonni 12 na tsananin cutar.

Bambancin da ke tsakaninmu da su shi ne su suna ƙirgawa. A Ingila duk aikin da asibiti ya fasa a ranar kwanciya ko ranar aiki ba don dalilin lafiyar majinyaci ba, sai an rubuta shi an buga alƙaluman kowa ya gani. An kuma yi wa majinyaci alkawarin sabuwar rana cikin kwana 28, in asibitin ya kasa, ya biya a yi masa a wani wuri. Ba kullum suke cika alkawarin ba, amma akwai abin da za a kama su da shi.

A Najeriya akwai ƙarin kaya a kan waɗannan duka, kuma na farko kuɗi ne. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, amma har yanzu mafi yawan mutane ba sa ciki. Sai a ba mai jinya doguwar takarda da yamma: kuɗin aiki, kuɗin allurar barci, zaren ɗinki, safar hannu, ledojin ƙarin ruwa, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ya kwana yana buga waya, ɗan'uwan da ya yi alkawari bai turo ba, ragon da aka kai kasuwa bai yi daraja ba. Da safe babu rasit, sai a tsallake sunan. A takarda za a rubuta cewa matsalar daga majinyaci ce. Amma da an ba shi cikakken lissafi tun ranar da aka sa masa rana, da ya san abin da zai nema da lokacin da zai nema.

Jini ma haka yake. Domin masu ba da jini don Allah ba su da yawa, asibitoci sun dogara ne da dangi: ka kawo mutum biyu ko uku su bayar kafin a ware maka leda. Sai a zo a gwada, a tarar wannan jininsa bai isa ba, wancan yana da ciwon hanta bai sani ba, na uku ya tsorata ya sulale. Ko kuma an tanadi jinin lafiya lau, cikin dare aka kawo mai zubar jini bayan haihuwa aka ɗaura mata. Babu likitan kirki da zai fara cire ƙarin mahaifa ko babban ƙari a ciki babu jini a ajiye.

Sai wuta. Na'urar da ke turara kayan aiki tana buƙatar tururi mai zafin digiri 121 ko 134, kuma tana shan wuta sosai. In babu wuta jiya, babu kayan aiki yau, ko da wutar ta dawo da safe. Babu wuta, famfo ba ya turo ruwa, ba a wanke tufafin tiyata. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin da ake kira Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane ma'auni, ninki uku da ɗoriya, kuma manyan asibitoci da yawa a wannan rukuni suke. A shekarar ce kamfanin rarraba wuta ya yanke wa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan wuta saboda bashi, asibitin da ya fi kowane asibitin koyarwa daɗewa a ƙasar, aka shafe watanni ana fama. Janareto kuwa dizal yake sha, kuma idan man ya yi ƙaranci, ɗakin gaggawa da na jarirai ake fara ba wa.

Ƙarancin ma'aikata ya fi tsanani a ɓangaren da jama'a ba su cika lura da shi ba. Ƙungiyar likitocin allurar barci ta duniya ta ce aƙalla a samu 5 ga kowane mutum 100,000. Najeriya ba ta kai ɗaya ba. Ana iya samun ɗakunan tiyata huɗu a buɗe da likitocin fiɗa huɗu a tsaye, amma mai sa barci ɗaya ne ko biyu, kuma ɗayan ya kwana a kan aikin gaggawa. Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya faɗa a 2024 cewa likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan. Ga kuma yajin aiki. Lokacin da likitoci masu neman ƙwarewa suka tafi yaji a Agustan 2021, sun shafe kusan wata biyu, kuma abin da ake fara rufewa a kowane yaji shi ne tiyatar da aka tsara. Idan aka dawo, layin ya ninka, sai a riƙa cusa sunaye fiye da kima don a rage shi, a sake faɗawa matsalar cinyewar lokaci.

Gaskiya ne kuma cewa wani lokacin asibiti ya shirya, majinyaci ne ba a gani ba. Tsoron yanka ya kama shi, ko wani ya ba shi labarin mai maganin gargajiya da ke narkar da ƙari, ko damina ta faɗi ba zai bar gona ba. Wata matar tana kwance a gado amma ta ce ba za ta sa hannu ba sai maigida ya zo, shi kuwa yana can wani gari, duk da cewa a doka baligar mace mai hankali ita ke da ikon sa wa kanta hannu. Irin wannan gurbi asara ce biyu, domin da an sani da wuri da an kira wani daga layi.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗaukar ɗagawa kamar ƙaramin abu, wai ai ba a fasa ba, jinkirtawa aka yi. Mutumin da ya taso daga ƙauye ya biya kuɗin mota na mutum uku, masu jinyarsa suna kwana a tabarma a harabar asibiti suna sayen abinci. Gwajin dacewar jini yana da wa'adin kwanaki kaɗan, wasu gwaje-gwajen ma haka, in an ɗaga sai a sake biya. Tsoho ko yaro da aka hana abinci sau biyu ko uku a mako ɗaya ƙarfinsa raguwa yake yi. Ciwon kuma ba ya jira. Ƙabar da za a gyara cikin awa ɗaya tana iya shaƙe hanji ta koma aikin tsakar dare mai haɗarin rai. Game da ciwon daji, wani babban nazari da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2020 ya nuna cewa kowane jinkirin mako 4 wajen yin tiyata yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 6 zuwa 8 cikin 100. Bayan wannan duka akwai yankewar ƙauna. Wanda aka mayar gida sau biyu ba lallai ya dawo na uku ba, kuma inda zai nufa ba lallai ya zama wuri mai aminci ba.

Gina sababbin ɗakunan tiyata da riƙe likitoci a ƙasa aiki ne na gwamnati da shekaru. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, Najeriya ba ta taɓa kusantar haka ba. Amma akwai abin da shugaban asibiti zai iya yi a wannan watan ba tare da jiran kasafi ba. A buɗe rana guda a mako da mai allurar barci zai ga duk wanda aka sa wa rana, mako biyu ko uku kafin aiki, a auna jini da sukari da hawan jini, a gyara abin da ke gyaruwa tun mutum yana gida. A ba shi lissafin kuɗi gaba ɗaya a rubuce, a kuma yi masa bayanin azumin tiyata da magungunan da zai daina da Hausa, ba da Turancin da zai gyaɗa kai bai fahimta ba. A sa ma'aikaci ɗaya ya buga wa kowa waya kwana biyu kafin ranar: kana nan zuwa, kuɗi sun haɗu, masu ba da jini sun zo, akwai tari ko zazzaɓi? A fara aikin farko a kan lokaci. A ajiye littafi a rubuta kowane aikin da aka fasa da ainihin dalilinsa, a zauna a duba shi duk wata. Kuma da zarar an tabbatar ba za a kai kan mutum ba, likita da kansa ya je ya faɗa masa dalili, a ba shi abinci nan take, a ba shi sabuwar rana kafin ya bar gadon.

Shi ma majinyaci da mai jinya suna da haƙƙin tambaya, cikin ladabi amma ba tare da jin kunya ba: "Likita, mene ne dalilin, kuma me za mu gyara kafin mu dawo? Wace rana ce sabuwar? Magungunan da aka ce a daina, a ci gaba da sha ko a'a? Jinin da muka bayar da kuɗin da muka biya suna nan?" Tambayar magani tana da muhimmanci ƙwarai ga mai ciwon sukari da mai shan maganin tsinka jini, domin barinsu haka kawai na tsawon makonni haɗari ne. A kuma tambayi alamomin da in an gani ba za a jira ranar ba. Mai ƙaba da kumburin ya yi tauri ya ƙi komawa, ga ciwo mai tsanani da amai, ko ciki ya kumbura babu bayan gida, ya nufi sashen gaggawa a wannan sa'ar, ko dare ne ko rana. Haka mace mai ƙarin mahaifa da jini ya ɓalle mata har tana jin jiri, da mai maƙoƙo da numfashi ya fara yi masa wuya.